Laujen Jernej Yana Jiran Satumba

A fadamar Barje, kudu da Lubliyana,
maƙwabta sun gama yankan ciyawa tun Yuli,
ingirici ya hau rumfa, ya bushe, yana ƙamshi.
Filin Jernej kaɗai ke tsaye da sumarsa
kamar wanda ya yi fushi da wanzami.

Laujensa mai doguwar ƙota
na rataye a bangon ɗakin shanu.
Zalka, matarsa, takan wuce ta gabansa sau uku a yini,
ba ta cewa uffan,
sai dai ta ƙirga shanun yadda zai ji: bakwai.
Sanyin ƙasar nan ba ya karɓar uzuri.

Akwai wani tsiro a tsakiyar filin,
strashnitsa suke ce masa.
Ba shi da wani kyau na a zo a gani:
siririn kara, dogo, mai rangaji,
da ɗan dunƙulen kai ja wur har ya so baƙi,
kamar jinin da ya kwana a bakin wuƙa.
Shanu na cinye shi ba tare da sun lura ba.

Amma ita ba ta san wani gida ba sai shi.
Malam-buɗe-littafi 'yar mitsitsiya,
idan ta rufe, toka ce mai ɗigo-ɗigo,
idan ta buɗe, shafi biyu shuɗɗa,
shuɗin da ba ya tsayawa ka gama karantawa.
Ta tsallake furanni ɗari masu zuma,
ta sauka kan dunƙulen nan da bai gama nuna ba,
ta lanƙwasa ciki,
ta cusa ƙwai ɗaya can tsakanin ƙwayoyinsa,
ta tashi, ba waiwaye.

Jernej ya tsuguna, gwiwa na ƙara,
yana nuna wa jikarsa Tinkara da tsinke.
Tsutsar za ta ci furen daga ciki, in ji shi,
mako biyu, ko uku,
sannan wata yamma ta saki jiki ta faɗo ƙasa
ta kwanta kamar marainiya.
Jajayen tururuwa su zo su shinshina,
su ji ƙamshin 'ya'yansu a jikinta,
su kinkime ta zuwa ɗaka.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan baƙuwar sai ta kusa shekara,
tana kwana a ɗakin reno,
tana cin 'ya'yan masu gida ɗaya bayan ɗaya.

Tinkara ta yamutsa fuska: Ashe muguwa ce!
Don ita muke barin ciyawa ta tsufa?

Tsohon ya daɗe yana juya tsinken.
Ban ce maki mutuniyar kirki ba ce.
Na dai san in lauje ya riga ta sauka,
an yanke ta ke nan, ita da na bayanta.
Ina yaro, in ka ratsa filin nan
tashi suke kamar ka kaɗa zane.
Bara goma sha ɗaya na ƙirga.

Anzhe ya tsayar da tarakta a bakin kwalbati,
ya ɗaga murya sama da ta injin:
Shanunka shuɗi za su ci a Janairu?
Jernej ya ɗaga masa hula kawai.

Satumba ta raba tsakiya, ya sauke laujen,
ya wasa, ya tofa yawu a tafi.
Ciyawar ta yi gauri, rabi duk kara,
shanun za su ture ta da hanci, ya sani,
kuma zai je ƙofar Anzhe da kuɗi a hannu
kafin dusar ƙanƙara ta narke.

Yana yanka, yana ɗaga ƙafa a hankali
duk inda ƙasa ta ɗan yi tozo.
Zalka na biye da manjagara.
Da suka kai bakin rafi ta tsaya, ta gyara ɗankwali,
ba ta dube shi ba ta ce:
Ni bana goma sha huɗu na gani.